Ɗaci a bayan harshe: ina neman bayanin ɗanɗanon kayan kwaɓi ɗaya bayan ɗaya

Rukayya, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata huɗu ke nan da na fara yin kek da burodi a gida ina sayarwa, bayan na yi wata shida ina koyon sana'ar a wurin wata baiwar Allah a Asawase. Ranar Asabar da ta wuce aka ba ni aikin kek na suna, na fulawa kilo biyu. Da na fitar da shi daga oben na ga ya yi duhu fiye da yadda na saba gani, tsakiyarsa kuma ta ɗan lotsa, amma ban damu ba, domin ado zai rufe. Sai da na gutsuri gefensa na sa a baki hankalina ya tashi, domin bayan zaƙin ya wuce wani ɗaci ne ya biyo baya, can a bayan harshe, irin wanda mutum yake ji idan kumfar sabulun wanki ta taɓa masa leɓe, kuma ko da na kurkure baki bai tafi da wuri ba. Lokaci ya ƙure, babu halin sake wani, haka na kai shi. Mai jego ba ta ce mini komai ba, amma ƙanwar mijinta ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko na ɗauraye kwanon kwaɓin da kyau. Har yau wannan tambayar tana cin raina.

Ga abin da na zuba: fulawa, sukari, bota, ƙwai, madarar gwangwani, gyaɗar ƙamshi da filebon banila. Ma'aunin da aka koya mini na bekin fauda cokalin shayi goma sha biyu ne ga wannan yawan fulawa, to a ranar shida kawai suka rage mini a gwangwani, sai na aika yaro shago, mai shagon ya aiko da bekin soda ya ce duk abu ɗaya ne. Na cika sauran cokali shidan da ita.

Damuwata ta biyu burodina ne. Yana tashi da kyau, yana da laushi, amma a baki lami yake, kamar mutum yana tauna auduga mai zaƙi. Na ƙara sukari, na ƙara gyaɗar ƙamshi, na rage gishiri saboda masu saye sun fi son zaƙi, na kuma ƙara yis don ya tashi cikin minti arba'in, duk da haka bai kama ƙafar burodin da nake saya a unguwar Alabar ba. Kakata kuma ta ce in bar wahalar da kaina da hodar Turawa, in jiƙa kanwa in zuba kamar yadda take yi wa masa.

Na gane cewa an koya mini yadda ake aunawa da yadda ake haɗawa, amma ban san aikin da kowane abu yake yi wa baki ba. Don Allah, wanda ya sani ya yi mini bayanin ɗanɗanon kowanne shi kaɗai, da abin da yake zama idan ya haɗu da ƴan uwansa ya sha wuta. Allah ya saka da alheri.

Alhaji Mai Tanderu, Nima, Accra

Wa alaikumus salam, ƴata. Maganar kek zan bar wa waɗanda suka fi ni saninsa, ko da yake ba na shakka sodar nan ce ta cuce ki. Ni burodi na sani, tun ina yaro ina ɗaukar kwaɓi a ka zuwa injin murzawa, kuma yau shekara talatin da biyu ina da tanderun kaina.

Kuskurenki na farko shi ne rage gishiri. Mutane suna zaton gishiri kishiyar sukari ne, alhali kuwa shi ne yake fito da zaƙin sukarin, ya kuma tayar da garɗin alkamar da ke kwance a cikin fulawa. Ni ina sa giram 18 zuwa 20 a kowane kilo na fulawa, wato buhu mai kilo 50 yana cin kusan kilo ɗaya na gishiri, a burodin sukari kuma nakan sauko zuwa giram 15, ba na yin ƙasa da haka. Wata rana wani yarona ya manta da gishiri a kwaɓin buhu biyu. Tun kafin in ɗanɗana na gane, domin kwaɓin ya yi saurin kumbura, ya saki jiki, yana manne wa hannu, da aka gasa kuma ɓawon ya fito fari fat kamar marar lafiya. Masu shayin da suke karɓa a wurina shekara da shekaru sun dawo mini da fiye da rabi kafin hantsi. Gishiri yana riƙe yis kada ya yi gaggawa, yana ƙarfafa danƙon kwaɓi, kuma saboda yis bai cinye sukarin duka ba sai ɓawon ya sami abin da zai yi ja da shi.

Na biyu shi ne gaggawa, kuma a ganina wannan ya fi na farko girma. Ki lashi yis kaɗan ki ji, za ki same shi da ɗan ɗaci da wani hamami mai nauyi. Idan ya yi yawa a kwaɓi, wannan hamamin ne yake fitowa a burodi, har ya riƙa bugun hanci kamar an wuce ƙofar masu dafa giyar fito. Ƙamshin burodi na gaskiya yis ne yake samar da shi, amma a hankali yake yinsa, cikin sa'o'in da kwaɓi yake zaune a rufe yana ɗaukar ɗan tsami siriri wanda ba a jin sa a matsayin tsami, sai dai a ji burodin ya cika baki. Minti arba'in iska kawai za su ba ki. Giram 10 na busasshen yis ya ishi kilo ɗaya, ki bar shi ya ninka kansa, ki danne shi, ki yanka ki sa a gwangwani, ki sake barinsa ya tashi. Lokacin zafi ki kwaɓa da ruwan sanyi don ki ja masa linzami, da hunturu kuma ki yi haƙuri da shi. Maigidana da ya koya mini aiki yakan ajiye dunƙulen kwaɓin jiya ya jefa cikin na yau, har gobe ina yin haka, kuma shi ne sirrin da masu saye suke yabawa ba tare da sun san sunansa ba.

Fulawa ɗanya gafi gare ta, kuma wannan gafin yana nan a tsakiyar duk burodin da aka fitar kafin ya nuna. Alkamarmu ta jirgin ruwa take zuwa, a niƙa ta a Tema da Takoradi, kuma a kasuwa za ki tarar da mai ƙarfi ta burodi da mai laushi ta kek da cincin, kada ki yarda a haɗa miki su a awo ɗaya. Kafin ki biya ki ɗebo kaɗan a tafin hannu ki shinshina. Fulawa tana shan warin duk abin da aka ajiye kusa da ita, sabulu ne, kananzir ne ko busasshen kifi, kuma da damina irin ta Kumasi buhun da ya kwana a kan siminti yakan ɗauki warin rima wanda babu filebon da zai ɓoye shi.

Gyaɗar ƙamshi ita ce tambarin burodin ƙasar nan, amma ki sayi ƙwayarta ki goga da kanki a lokacin da za ki kwaɓa, domin garin da aka ƙulla a leda ya daɗe da rabuwa da ƙamshinsa. Ƙwaya ɗaya tana isata kilo biyu zuwa uku. Idan ta wuce kima zaƙin ƙamshinta yana juyewa ya koma ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro, saboda haka ƙarin da kika yi bai taimake ki ba. Kuma ki sani ba kowane burodi ne yake son ta daidai da ɗan uwansa ba: burodin shayi sukarinsa kaɗan ne, gishiri da alkama ake son ji a cikinsa, burodin sukari da na bota su ne suke ɗaukar ta.

Abin da muke kira bota a kasuwa kuma majarin ne, daga man tsirrai ake yinsa, a sa masa launi da ƙamshi da gishiri. Yana ba da laushi, amma ba ya ba da garɗin botar madara. Ki lashi naki kafin ki zuba, idan mai gishiri ne ki lissafa gishirinsa cikin awonki, idan kuma kika ji yana ƙaiƙayin maƙogwaro to ya tsufa, ki rabu da shi.

Malam Sani, Asawase, Kumasi

Ƙanwata Rukayya, Allah ya ba da sa'a a sana'a. Baba Alhaji ya gama maganar burodi, ni kuwa malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, bari in ɗauki zancen soda, domin mai shagon nan bai faɗa miki daidai ba.

Bekin soda abu ɗaya ne tak, ƴar uwar kanwa ce wadda aka tace ta ta yi fari. Ki taɓa ta da ɗan yatsa ki sa a harshe, za ki ji gishiri-gishiri da zartsi, sannan wannan ɗacin na sabulu da kika kwatanta. Ba ta aiki yadda ya kamata sai ta gamu da abu mai tsami, kamar kindirmo, nono, ruwan lemun tsami, ruwan khal (wato binega), zuma ko mazarƙwaila. Idan suka haɗu sai su kashe juna, tsamin ya kwanta, ɗacin ya ɓace, iska ta fito ta ɗaga kwaɓin. Idan babu tsami, zafin oben zai sa ta saki wani ɓangare na iskarta, abin da ya saura kuma ya rikiɗe ya koma sodar wanki, wadda ta fi ta farkon kaifi. Abin da ƙanwar mijin nan ta ji ke nan, kuma harshenta bai yi ƙarya ba, ko da yake kwanonki tas yake. Ita ce kuma ta sa kek ɗin ya yi duhu, domin kwaɓin da ya karkata wajen kanwa ya fi saurin yin ja a wuta.

Bekin fauda kuwa haɗi ne na abu uku, wato sodar, da busasshen tsami wanda aka auna daidai da ita, da garin sitaci mai tsare su daga danshi. Da abokin aikinta take zuwa, shi ya sa ta dace da kwaɓinki, wanda babu mai tsami a cikinsa ko ɗaya: fulawa, sukari, ƙwai, majarin da madarar gwangwani duk ba su da tsamin da zai ci ƙarfin soda. Ga kuma batun ƙarfi. Soda ta ninka fauda sau uku zuwa huɗu, shi ya sa ma'aunin da aka saba shi ne cokalin shayi ɗaya na fauda ga kofi ɗaya na fulawa, soda kuwa rubu'in cokali. Cokali shidan da kika zuba sun yi aikin kusan ashirin, kwaɓin ya kumbura fiye da ƙarfin jikinsa, shi ya sa tsakiyar ta lotsa. Ita ma faudar idan ta yi yawa tana barin wani ɗanɗano kamar an tsotsi tsabar kuɗi, musamman irin wadda aka haɗa da sinadarin alminiyam, wanda za ki ga an rubuta a jikin gwangwani. In kina son sanin ko taki tana da rai, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, ita kuma soda ki ɗiga mata lemun tsami; wadda ba ta yi kumfa nan take ba danshi ya riga ya kashe ta.

Maganar kakarmu tana da tushe, domin kanwa tana kashe tsami kamar yadda soda take yi. Sai dai kanwa daga ƙasa ake haƙo ta, gauraye da gishiri da yashi, ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya ba ne da na wancan, don haka ba za ki iya auna ta da cokali ki sami sakamako iri ɗaya sau biyu ba. Ban ba ki shawarar sa ta a kek ba.

Filebo ƙamshi ne kawai, a harshe ɗaci gare shi, ki ɗiga ɗigo ɗaya ki ji. Banila ta asali ƴaƴan wata shuka ce mai yaɗo wadda tushenta ƙasar Meziko, yanzu kuma Madagaska ce ta fi noma ta, kuma da hannu ake barbarar furenta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa take da tsada. Mafi yawan ƙananan kwalaben da ke kasuwar Kejetia a masana'anta aka haɗa ƙamshinsu, suna aiki, amma ƙarinsu ɗaci yake ƙarawa. Ki riƙa karanta jikin kwalba kuma, domin wasu da barasa ake jiƙa su.

Wurin da za ki ga soda ta yi rana shi ne kek na garin koko, ina nufin kokon da ake cakulan da shi, ba na gero da muke sha da ƙosai ba. Na yi shekara biyu ina koyarwa a wani ƙauye a yankin Sefwi, kuma a can na fara fasa ƙwallon koko da hannuna. Farin naman da ya lulluɓe ƴaƴan yana da zaƙi da tsami mai sanyaya baki, yara suna tsotsarsa kamar alewa, amma idan ka tauna ƙwayar kanta, wadda cikinta shuɗi-shuɗi ne mai ja, za ka ji ɗaci da bauri sun ɗaure maka harshe fiye da ɗanyen goro, kuma babu ko alamar ƙamshin cakulan. Manoma sukan tara ƴaƴan a kan ganyen ayaba, su rufe da wani ganyen, su bar su kusan kwana shida suna juyawa, tarin ya ɗauki zafi har idan ka cusa hannu sai ka janye, wari mai kama da na khal yana tashi. Bayan nan a shanya su a kan tabarmin gora a rana har su bushe. Wannan ruɓin da shanyar, sannan suyar da ake yi musu a masana'anta, su ne suke haifar da ƙamshin da duniya ta san kokon Ghana da shi tun bayan da Tetteh Quarshie ya kawo irin daga tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, ya shuka a Mampong ta Akuapem a 1879. Garin kokon da ba a taɓa shi da komai ba yana riƙe da tsaminsa, launinsa ja-ja ne, kuma shi ne abokin soda: ta kashe masa tsami, ya kashe mata ɗaci, kek ya fito da duhu mai kyau. Akwai kuma wanda aka riga aka wanke da sinadari mai kama da kanwa, dabarar da mutanen Holan suka fito da ita, ya fi baƙi, ya fi laushi a baki, shi kuma fauda yake so. Ki duba wanne kika saya kafin ki zaɓa masa abin tashi.

Abu na ƙarshe, ki toshe hancinki ki tauna ɗan kirfa, za ki ji kamar ɓawon itace ne kawai, sai kin saki hancin ƙamshin zai bayyana. Yawancin abin da muke kira daɗin abinci hanci ne yake kawo shi. Saboda haka idan abu ya yi lami a harshe, gishiri ko tsami ko zaƙi ne ya gaza, ƙara kayan ƙamshi ba zai cike gurbinsu ba.

Mma Hajiya mai koko, Sabon Zango, Accra

Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Rukayya ƴata, sannu da ƙoƙari, kuma kada maganar ranar suna ta karya miki gwiwa.

Malam ya yi bayani mai kyau, kuma na yarda kada ki sa kanwa a kek, amma ina so in kare kakarki, domin kanwa ba a cokali ake auna ta ba, a harshe ake auna ta. Mu ba ma jefa dunƙulenta a abinci. Jiƙa ta muke yi tun dare, yashin ya kwanta, mu tsiyaye ruwan sama, sannan mu riƙa zubawa kaɗan-kaɗan muna ɗanɗanawa. Ƙullun masa da ya kwana yakan wayi gari da tsami mai kaifi har ya kama haƙori. Ina zuba ruwan kanwa ina juyawa ina lasa, har in kai inda tsamin ya sunkuyar da kai amma bai mutu ba, a nan nake tsayawa. Idan na wuce wurin, masar za ta yi rawaya, ta yi santsi a harshe, ta yi irin ɗacin da kika ji a kek ɗinki, kuma babu sukarin da zai gyara ta. Haka take a shinkafa da wake: ita ce take sa waken ya yi laushi da wuri, ita ce take jawo jan karan dafi ya kama shinkafar, amma kowa ya san wake da shinkafar da kanwa ta yi wa yawa tun daga lomar farko. A miyar ayoyo ma ƴar kaɗan ce take riƙe kore da yauƙi.

Abin da nake so ki koya shi ne tsami kala-kala ne. Tsamin gero da ya kwana a ruwa mai laushi ne, yana da nauyi, shi ne ran koko, kuma kokon da aka dama da gasarar da ba ta kwana ba salam yake ko an cika masa sukari. Tsamin tsamiya yana tafe da ɗan zaƙi a bayansa. Na lemun tsami kaifi ne da shi, yana zuwa ya wuce da sauri. Na zoɓo yana da ɗan bauri. Na kindirmo yana da maiƙo, shi ya sa nake ganin shi ne zai fi dacewa da kek ɗinki in har za ki yi amfani da sodar da ta rage miki.

Kayan yaji ma kowanne da inda yake kama mutum. Citta a gaban harshe take zafi ta gangara ƙirji, ɗanya tana da ƙamshin lemo, busasshiya ta fi ta yaji. Kanumfari yana sa harshe ya yi sanyi kamar ya mutu, shi ya sa ake danna shi a haƙori mai ciwo, kuma shi mugun mai mulki ne, idan ya yi yawa ba za a ji kowa ba sai shi. Masoro a maƙogwaro yake tsayawa. Kimba, wadda Tonawa, wato Ashanti, suke kira hwentia, ƙamshinta a ɓawo yake, mai kama da hayaƙi, ƴaƴan cikin kuwa ɗaci ne zalla, don haka ni fasa ta kawai nake yi in zubar da ƴaƴan kafin a kai niƙa. Shekara arba'in ina dama koko, kuma har yau ba na sauke tukunya ban ɗiba a ludayi na busa na kurɓa ba.

Inda zan ɗan saɓa wa Alhaji shi ne batun mai. Ya ambaci majarin da botar Turawa ya bar man shanu, alhali a wurina babu mai garɗinsa idan an soya shi da albasa an kashe ƙarninsa. Ban ce ki yi kek da shi duka ba, yana da ƙarfi, amma ki gwada cokali ɗaya a cincin ko a shafa wa burodi yana fitowa daga wuta. Man kaɗe kuma in ba sabo ba ne yana da ɗaci da warin hayaƙi, ki bar shi ga suya. Kuma ƙarnin ƙwai a kek, ɓawon lemun zaƙi da aka goga ya fi kowane filebo kashe shi, amma ki goga saman kawai, farin da ke ƙasa ɗaci ne.

Rukayya, Aboabo, Kumasi

Baba Alhaji, Malam, Mma Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Jiya da safe na jera ƙananan faranti tara a kan tabarma, na zuba kowane abu a nasa, na riƙa lasa ina kurkure baki tsakani. Da na kai kan soda ban bukaci wanda zai faɗa mini ba, ɗacin ranar Asabar ne sak. Na kuma gano cewa majarin da nake saya a awo yana da gishiri sosai, kuma garin gyaɗar ƙamshin da ke ledata ba ya ƙamshin komai sai na kai shi dab da hanci.

Daga nan na yi ƙananan kek guda uku, kowanne da kofi ɗaya na fulawa. Na farko da cokali ɗaya na fauda, na biyu da rubu'in cokali na soda da rabin kofi na kindirmo a maimakon madara, na uku da soda ba tare da tsami ba, don in tabbatar. Na ba kakata ba tare da na faɗa mata wanne ne wanne ba. Na ukun ta tofar, na farkon ta ce ya yi, na biyun kuma ta cinye shi duka ta ce ya fi laushi kuma zaƙinsa bai gundure ta ba. Da na faɗa mata abin da Mma Hajiya ta ce game da auna kanwa a harshe, sai ta ce ai abin da take nufi ke nan tun farko.

Burodin ma na kwaɓa kilo ɗaya da giram 15 na gishiri da giram 10 na yis, bayan na ari sikelin maƙwabciyata. Ya ɗauki kusan awa biyu kafin ya ninka, tashi na biyu kuma awa ɗaya. Ɓawon ya yi ja fiye da kullum, kuma ƙanena ya ci rabin guda babu shayi babu komai. Na cire dunƙule kamar girman lemo na ajiye don kwaɓin gobe. Baba Alhaji, a ina zan ajiye shi, kuma yaya zan gane idan ya wuce lokacinsa?

Alhaji Mai Tanderu, Nima, Accra

Madalla, ƴata. Ki shafa masa ɗan mai, ki sa a roba mai murfi wadda ta ninka shi girma, ki ajiye a firiji, zai kai kwana biyu zuwa uku lafiya. Idan babu wuta kuma a ɗaki zai kwana, kada ya wuce daga dare zuwa safiya a irin zafin nan namu. Kafin ki jefa shi cikin sabon kwaɓi ki buɗe ki shinshina, sannan ki ja shi da yatsu biyu. Idan ƙamshinsa kamar na kindirmo ne kuma yana miƙewa, ki yayyanka shi ƙanana ki zuba, dunƙulen nan ya ishi kilo ɗaya. Idan warin ya bugi hancinki kamar khal, ko ya narke yana tsinkewa a hannu, ko kika ga launinsa ya sauya, ki zubar ki cire sabo daga kwaɓin ranar. Hajiya kuma na karɓi gyaranki a kan man shanu, gobe in Allah ya kai mu zan shafa wa tire ɗaya in ji abin da masu shayi za su ce.